Daga Asibiti Zuwa Aji: Tarihin Madubin Likita a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Cikin kayan aikin da ilmin zamani ya kawo ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda sunansa ya riƙe tarihinsa kamar na'urar nan da Turawa ke kira maikuroskof, Hausawa kuwa suka laƙaba mata suna madubin likita. Ba su ce madubin malami ba, ba su kuma ce madubin ɗan makaranta ba, domin kuwa a hannun likita suka fara ganinta, kuma ta shekara da yawa a hannunsa kafin ta sami hanyar shiga aji. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan tafiya, watau daga inda aka ƙago madubin, zuwa yadda ya shigo Nijeriya ta Arewa, har zuwa lokacin da aka fara ɗora shi a kan tebur gaban yara 'yan sakandare.

An ɗauki ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, don ta zama misali. A Birnin Kudu akwai ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun lardin Kano na da, akwai babban asibiti, akwai kuma makarantar koyon aikin jinya. Daɗin daɗawa, a maƙwabtan wannan ƙasa ne aka gudanar da waɗansu manyan bincike-binciken cututtuka waɗanda duniya ta san da su. Tambayar da ke ƙarƙashin tarihin duka guda ce: shin yaron da ake koya wa kimiyya zai ga abin da idonsa ne, ko kuwa labari kawai za a ba shi ya haddace? Amsar wannan tambaya ta shafi ɗalibai, ta kuma shafi ma'aikatan Gwamnati waɗanda ke tsara kasafi da sayen kayan makarantu.

Asalin Madubin

Tushen ilmin madubai ya girmi madubin likita da ƙarni da dama. Masanin nan Alhasan ibn Alhaisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya tabbatar cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin abin da waɗansu magabata suka ɗauka, cewa ido ne ke fitar da haske. Ya yi bayanin yadda haske ke karkacewa idan ya ratsa ruwa ko gilashi, kuma ya dogara ga gwaji, bai tsaya ga faɗar na gaba kurum ba. An juya littafin zuwa Latin, ya shiga makarantun Turai. Can wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a Italiya, sa'an nan a farkon ƙarni na 17 masu wasa gilashi a ƙasar Holan suka gano cewa in an jera gilasai biyu cikin bututu, ƙaramin abu yakan bayyana ƙato.

A 1665 wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya buga littafinsa Micrographia, mai ɗauke da zanen abubuwan da ya gani da madubinsa. Ya yanka ɓawon wani icce siriri ƙwarai, ya duba, sai ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya ba su sunan da har yanzu ake kiran ƙwayar halitta da shi a Turance. Amma wanda ya fi shi zurfafa gani wani ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na Holan, Antonie van Leeuwenhoek. Bai yi jami'a ba, bai kuma san Latin ba, watau harshen malaman Turai na lokacin. Da hannunsa yake yin 'yan ƙananan gilasansa, waɗansunsu suna ƙara girman abu fiye da sau 250. Daga 1674 ya shiga aika wa Ƙungiyar Masana ta Sarki a Landan wasiƙu, yana ba da labarin 'yan halittun da ya gani suna iyo cikin ɗigon ruwan tafki. Da farko an yi shakkar maganarsa, har sai da waɗansu suka duba da kansu suka gani.

Ƙarni na 19 ne ya mai da madubin kayan aiki sosai. A 1830 Joseph Jackson Lister ya gyara haɗin gilasansa, hoto ya daina dishi-dishi. A 1838 da 1839 Schleiden da Schwann, Jamusawa, suka bayyana cewa jikin tsiro da na dabba duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1873 Ernst Abbe, wanda ke aiki da masana'antar Zeiss a garin Jena, ya nuna iyakar abin da madubi mai aiki da haske zai iya rarrabewa, watau wajen kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita. Idon mutum kuwa bai cika rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne akasarin ƙwayoyin cututtukan da suka addabi ƙasashe masu zafi suke.

Madubi da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi

Abin lura ne cewa da yawa daga cikin abubuwan da madubin ya tono, a Afirka aka tono su. A 1851 Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Ƙasrul Aini na Alƙahira, ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini wadda ta zama ruwan dare ga yaran da ke wanka a kududdufi da fadama. A 1880 Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa a garin Kusantina na Aljeriya, ya ga ƙwayar zazzaɓi tana motsi cikin jinin wani soja. A 1897 Ronald Ross, a ƙasar Indiya, ya sami ƙwayar a cikin sauro, ta haka aka san mai yaɗa ta. A 1901 aka ga ƙwayar ciwon barci cikin jinin wani majinyaci a Gambiya, a 1903 kuma binciken da aka yi a Yuganda ya ɗora alhakin yaɗa ta a kan ƙudan tsando. A Turai ma, Hansen ya ga ƙwayar kuturta a 1873, Robert Koch ya ga ta tarin fuka a 1882.

Duk wannan bai yiwu da madubi kaɗai ba. Akasarin ƙwayoyin ba su da launi, saboda haka sai an rina su kafin su fito. Nan ne sana'ar shirya gilashin gwaji ta samo asali: a shafa jini ko majina a kan ɗan fallen gilashi, a busar, a rina, a wanke, sa'an nan a duba. Hanyar Gram ta rarrabe ƙwayoyin cuta ta fito a 1884, rinin Giemsa kuwa, wanda har yanzu da shi ake duba jinin mai zazzaɓi, a 1904. Bahaushe, wanda ya gaji marina tun kaka da kakanni, ba baƙo ba ne ga sanin cewa rini yana da awo da lokaci, in an gaggauta ya ƙi kamawa, in an jinkirta ya dagule.

Shigowarsa Arewa a Hannun Likita

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, madubin ya shigo cikin kayan likitocinsu, waɗanda farkon aikinsu shi ne kula da lafiyar Turawa da sojoji. Abin da ya fitar da shi daga bariki zuwa ƙauyuka shi ne ciwon barci da kuma sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. A shekarun 1920 aka kafa sansanin binciken ƙudan tsando a Sharifuri, cikin ƙasar Katagum, daga baya aka mai da shi Gadau. Waɗannan wurare ba su da nisa da iyakar Jihar Jigawa ta yau. A shekarun 1930, da annobar ciwon barci ta tsananta, aka kafa ma'aikata ta musamman dominta, ƙarƙashin Dokta Lester. Ayarin ma'aikatan kan sauka gari, Hakimi da dagatai su tara jama'a, a bi mutane ɗaya ɗaya ana laluben kaluluwar wuya. Wanda aka ji tasa ta kumbura, sai a tsotso ɗan ruwanta da allura, a ɗiga a gilashi, a duba nan take a gindin bishiya.

Likitocin Turawa ba su da yawan da za su yi wannan aiki su kaɗai. Saboda haka aka koya wa samari 'yan ƙasa, waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba, yadda ake shirya gilashi da gane ƙwayar cikin madubi. Waɗannan malaman asibiti suna cikin Hausawan farko da suka mai da duban madubi sana'a. Daga wannan aiki ne aka yi shirin Ancau a lardin Zazzau, inda aka sare kurmin bakin rafuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Daga baya aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore a Kaduna da Vom.

Aiki na biyu da ya kamata a ambata shi ne na Garki, wadda ita ma yanzu tana cikin Jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike a ƙauyukan gundumar, don a ga ko fesa maganin sauro a ɗakuna da raba wa jama'a ƙwayoyin magani za su iya katse zazzaɓi. Kowane mako 10 akan koma ƙauyukan da aka zaɓa, a ɗibi jinin yatsa, a shafa a gilashi, ma'aikatan da aka horar su zauna suna duba gilasan ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya fito cikin littafin da Molineaux da Gramiccia suka rubuta, wanda Hukumar ta buga a 1980. An sami raguwar cutar ƙwarai lokacin da ake aikin, amma ba a katse ta ba, da aka daina kuma ta komo. Masana zazzaɓi a duniya sun daɗe suna amfani da alƙaluman Garki, kuma kowane alƙalami cikinsu ya fito ne daga idon wani ma'aikaci da ya sunkuya kan madubi ya ƙirga abin da ya gani bisa gaskiya.

Daga Asibiti Zuwa Aji

A makaranta kuwa tafiyar ta yi nawa. Makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, an kafa su ne musamman don samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa su ne kan gaba. A makarantun Midil da aka tsara wajen 1930, abin da yaro ke samu na kimiyya bai wuce kiwon lafiya da aikin gona da ɗan nazarin tsirrai da dabbobi ba. Watau dai an bar ma'aikacin ciwon barci ya riƙe madubi domin aikin Gwamnati yana bukatarsa, amma ba a ga wajabcin ɗan makaranta ya riƙe shi don neman sani ba.

Makarantar Birnin Kudu ta soma ne a matsayin Midil wajen ƙarshen shekarun 1940, daga baya ta zama sakandare, aka san ta da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Makarantar kwana ce, ta tara yara daga sassan lardin Kano, na birni da na ƙauye, cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta har da Alhaji Aliko Ɗangote. Ga yaran gundumomin kudu, irin su Gwaram da ke iyaka da ƙasar Bauchi, ita ce babbar makaranta mafi kusa.

Ba a wannan makaranta aka fara duba halitta a zana ta a Birnin Kudu ba. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, na ma'aikatar kayan tarihi, ya yi nazarin zane-zanen da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, tare da duwatsun nan masu amo kamar kuge. Akasarin zanen na shanu ne, kuma masu zanen sun lura da siffa har masana suka iya gane cewa shanun marasa tozo ne, waɗansu masu dogon ƙaho, waɗansu masu gajere, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a wurin yanzu ba. Abin da malamin ilmin halittu ke nema ga ɗalibinsa ke nan: ya duba da kyau, ya zana abin da ke nan, yadda wanda bai gani ba zai iya dogara da zanen.

Abin da ya tilasta gina ɗakunan gwaje-gwaje shi ne jarrabawa. An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952, kuma makarantar da ke son shigar da ɗalibanta jarrabawar kimiyya dole ta tanadi ɗakin gwaji da kayansa. A 1957 aka kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta buɗe wa 'yan Arewa ƙofar karatun likita da aikin gona da likitancin dabbobi a gida. Bayan babban taron manhaja na ƙasa na 1969, Ƙungiyar Malaman ta fito da littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya don aji ɗaya da aji biyu na sakandare, waɗanda aka gina bisa manufar yaro ya yi da hannunsa.

Yadda Darasin Yake

Ya kyautu a tsaya a dubi darasin kansa, domin wanda bai san abin da ke cikinsa ba, ba zai san abin da ake asara in an tsallake shi ba. Darasin farko na ladabi ne. Akan koya wa yaro ya ɗauki madubin da hannu biyu, ɗaya a wuyansa ɗaya a ƙarƙashin gindinsa, ya ajiye shi nesa da bakin tebur. Kada ya taɓa gilasan da yatsa, kada ya share su da bakin riga, sai da takardar da aka yi dominsu. Madubin makaranta na wancan zamani ba ya bukatar lantarki, yana da ɗan madubin fuska a ƙasa wanda ake juyawa ya kamo hasken taga. Sai dai akan gargaɗi yaro kada ya kuskura ya kamo ƙwayar rana kanta, don tana iya lahanta ido.

Sa'an nan sai shirya gilashi, kuma albasa ce malamar farko. Akan ɓare sala ɗaya, a ɗago tantanin nan siriri da ke cikinta, a yanki ɗan kaɗan, a shimfiɗa shi cikin ɗigon ruwa a tsakiyar gilashi ba tare da ya naɗe ba. Akan ɗiga aidin don ya rina shi. Daga nan sai aikin da ya fi wuya ga sabon hannu, watau rufawa da ɗan marfin gilashi wanda bai kai kaurin farce ba. Ba a sakinsa gaba ɗaya. Akan kafa gefensa ɗaya a bakin ruwan, a tallafe ɗaya gefen da tsinin allura, a saukar a hankali domin iska ta fice. Wanda ya yi gaggawa zai tarar da kumfa, kuma sau da yawa sabon ɗalibi yakan ga ƙwallon kumfa mai baƙin zobe ya zana shi da murna, yana tsammani ƙwayar halitta ce.

Wajen dubawa, da ƙaramin gilashi ake farawa. Gilashin ido yakan ƙara girma sau 10, na ƙasa kuwa akwai mai sau 4, da mai sau 10, da mai sau 40, in an riɓanya sai a sami sau 40, da 100, da 400. Na asibiti yana da mai sau 100 wanda ake ɗiga wa mai na musamman, ya kai girman sau 1,000, da shi ake ganin ƙwayar zazzaɓi cikin jini. Ƙa'ida ita ce yaro ya dubi madubin ta gefe sa'ad da yake saukar da shi kusa da gilashin, sa'an nan ya sa ido ya riƙa ɗagowa har hoto ya fito. Wanda ya saukar yana leƙe, ƙarar fashewar gilashi ce za ta sanar da shi kuskurensa. Zai kuma tarar cewa in ya tura gilashin dama, hoton hagu yake tafiya, sai hannu ya saba.

In an dace, sai ga ƙwayoyin albasa jere kamar tubalin gini, kowace da bangonta da ɗan ɗigon cibiyarta. Bayan albasa akan kankaro cikin kumatu a rina da shuɗi, yaro ya ga ƙwayoyin jikinsa, ya lura ba su da bango irin na tsiro. Amma darasin da ya fi shiga rai shi ne na ruwan kududdufi. Yaron da ya ga halittu suna kai da kawowa cikin ɗigon ruwan da ya saba sha a gona, ba ya bukatar dogon wa'azi game da tace ruwa ko tafasa shi. Gani ya kori ji. Ɗan ƙwaron ruwan da ke ɗauke da tsutsar kurkunu yana cikin abin da ake gani a irin wannan ɗigo, kuma tace shi da ƙyalle na cikin dabarun da suka kawar da cutar daga Nijeriya, wadda aka ƙirga masu ita fiye da 650,000 a 1988, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar kawar da ita a 2013.

Daga ƙarshe sai zane. Da fensir ake yi, a rubuta sunan kowane sashe da yawan girman da aka ƙara. Malamin kirki yakan ƙi karɓar zanen da aka kwafo daga littafi, kome kyansa, ya karɓi wanda ya karkace in dai shi ne abin da ke kan gilashin. Wannan ita ce tarbiyyar da ke cikin darasin: mutum ya faɗi abin da ya gani, ko da ya saɓa wa abin da ake so ya gani. Ma'aikacin asibiti da ke rubuta sakamakon jini, da mai binciken kuɗin Gwamnati, da mai awon hanya, duk wannan hali ake nema gare su.

Makarantun Kimiyya na 1977

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram tana cikinta. Da kuɗin man fetur suka samu a shekarun 1970, sai Gwamnati ta tarar tana da abin gina asibitoci da madatsun ruwa, amma ba ta da isassun 'yan jiha likitoci da injiniyoyi da za su riƙe su. Malaman kimiyya ma da yawansu baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Masar da Ingila da waɗansu ƙasashe, sai kuma masu yi wa ƙasa hidima bayan an kafa shirin a 1973. Maganin da aka yanke shi ne a ware makarantu na musamman. A 1977, zamanin Gwamna Sani Bello, aka buɗe Makarantun Sakandaren Kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ƙarƙashin hukuma mai cin gashin kanta. Dokta Ibrahim Ayagi, wanda ya riƙe muƙamin Kwamishina a lokacin, da Alhaji Ado Gwaram suna cikin waɗanda suka tsaya wa shirin tun farkonsa.

Akan zaɓi yara ta hanyar jarrabawa bayan sun gama aji biyu a sauran makarantu, a kai su can su yi shekara uku. An buɗe ta 'yan mata a Taura a 1981, da wata ta maza a Kafin Hausa a 1985, dukansu biyu yanzu a Jihar Jigawa suke. Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru goman farko na shirin, 1977 zuwa 1987, don digirinsa na uku a Jami'ar Sussex. Ba a musun cewa makarantun sun yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. Amma tun farko akwai masu sukar shirin, suna cewa zai fifita 'yan kaɗan. Sukar tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya: in an kwashe zaƙaƙuran yara da kayan aiki mafi kyau an tara a wuri guda, sauran makarantu, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan 'ya'yan talakawa, sai su zama ba a sa musu ido game da kimiyya.

Bayan 1986

Abubuwa biyu suka haɗu suka raunana darasin gwaji. Na farko, shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya kwararo yara zuwa sakandare a farkon shekarun 1980, aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo da yawa waɗanda ba a gina musu ɗakin gwaji ba. Na biyu, kuɗin mai suka faɗi, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar Naira ta zube, alhali madubi da gilasai da rini duk daga waje ake sayo su. Yanayin ƙasa ma bai taimaka ba, domin ƙurar hunturu tana dushe gilashi, laimar damina kuma tana sa masa fumfuna in ba a adana shi a busasshen wuri ba. Inda kayan suka rage, tsoron asara kan sa a kulle su a sito, gudun kada mai bincike ya zo ya tarar ɗaya ya fashe. Jarrabawar gwaji ta ilmin halittu kuwa galibi abin da ido ko gilashin hannu ke gani take tambaya, saboda haka yaro na iya cinye ta bai taɓa leƙa madubi ba.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, kuma farar hula na farko da ya mulke ta, Alhaji Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan wannan yanki ne. Asibitin garin ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda majinyata daga Gwaram da Buji da ƙauyukan Bauchi na kusa ke zuwa. Bukatar masu iya madubi ba ta ragu ba. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin zazzaɓi sai an tabbatar da ƙwayar, ko da madubi ko da ɗan katin gwajin gaggawa, kuma rahotanninta na shekarun 2020 sun nuna Nijeriya ce ke ɗauke da fiye da rubu'in masu zazzaɓin duniya. Katin yana da sauri, amma ba ya ƙirga yawan ƙwayoyin da ke cikin jini, ba ya kuma nuna ƙwan tsargiya a fitsari ko na tsutsar ciki a bayan gida. Waɗannan sai ido da madubi.

Kammalawa

Darasin da tarihin nan ya bayar a fili yake. A duk lokacin da hukuma ta bukaci masu duba madubi, a Gadau ko a Garki, ta sami 'ya'yan ƙasar nan sun iya, ko da karatunsu kaɗan ne. Abin da ya riƙa yankewa shi ne damar da za a ba yaro ya fara tun yana aji. Tsada ma ba ta zama hujja kamar da ba, tun da a 2014 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da madubin takarda wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, albasa da ruwan kududdufi kuwa ba a saye su daga waje.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowane ɓangare. Ma'aikacin da ke tsara kasafi ya sani cewa sayen madubi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne gilasai da rini da akwatin ajiya da ma'aikacin ɗakin gwaji da zai kula da su. Sufeton makarantu, in ya je rangadi, kada ya tsaya ga ƙirga madubai cikin kabad, ya nemi littattafan zanen yara, ya tambayi yaushe aka fito da su. Gilashin da ya fashe a hannun ɗalibi a rubuta shi cikin kuɗin koyarwa, kada a mai da shi laifin malami. Shugabannin asibiti da na makarantu a gari irin Birnin Kudu, inda suke maƙwabtaka, suna iya shirya wa ɗalibai ziyarar ɗakin gwajin jini ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ɗalibai kuma, musamman masu shirin zama malamai, su nace sai sun shirya gilashi da hannunsu kafin su bar makaranta, gama wanda bai taɓa gani ba, ba shi da abin da zai nuna wa na bayansa.